FASHIN BAƘI: Yadda gwamnatin Najeriya ta tura ma'aikata aiki daga gida a lokacin korona, da abin da ya biyo baya

Ranar Talata 24 ga Maris, 2020, dubban ma'aikatan Gwamnatin Tarayya suka wayi gari da umarnin kada su fita ofis. Takardar da ta fito daga ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ta wancan lokaci, Folasade Yemi-Esan, ta ce duk ma'aikacin da ke matakin albashi na 12 zuwa ƙasa, wanda aikinsa ba na dole ba ne, ya ci gaba da aiki daga gida har sai abin da hali ya yi. Tsakanin wannan rana da 1 ga Disamba, 2021, sau biyu ana tura wannan rukuni gida, kuma karo na biyu ya kusan cika shekara guda.

Wannan shi ne gwaji mafi girma da aka taɓa yi wa aikin gwamnati a Najeriya a wajen bangon ofis. Ya faru ne a ƙasar da a lokacin takarda a cikin fayil ita ce jinin aikin hukuma. Ga bayanin yadda aka ɗauki matakin, dokokin da aka dogara da su, waɗanda abin ya shafa, da abin da ya bari a baya.

Shigowar cutar da shirin farko

An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas ya wuce Jihar Ogun. A lokacin ɗakunan gwaji 'yan kaɗan ne kacal ke iya gano cutar a duk faɗin ƙasar. Abin da Najeriya ke taƙama da shi shi ne darasin Ebola ta 2014, wadda aka daƙile bayan ta kama mutum 20 ta kashe 8, sai kuma Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, wadda dokar kafa ta ta samu sa hannun shugaban ƙasa a Nuwamba 2018. Dakta Chikwe Ihekweazu ne ke shugabantar hukumar, Dakta Osagie Ehanire kuma na riƙe da ma'aikatar lafiya.

Ranar 9 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa Kwamitin Shugaban Ƙasa kan Yaƙi da Korona a ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, tare da Dakta Sani Aliyu a matsayin mai kula da ayyukansa na yau da kullum. Kwana biyu bayan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya. Ranar 23 ga Maris aka rufe filayen jiragen sama ga jiragen ƙetare, kuma a ranar ce aka sanar da mutuwar farko, ta Suleiman Achimugu, tsohon shugaban kamfanin bututu da dillancin man fetur na gwamnati.

Cutar ta fara ne daga sama. A cikin makon da aka tura ƙananan ma'aikata gida, an tabbatar ta kama Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa, Abba Kyari, da Gwamnan Bauchi Bala Mohammed, sannan Gwamnan Kaduna Nasir El-Rufai. Abba Kyari ya rasu ranar 17 ga Afrilu, kuma cunkoson da aka yi wajen jana'izarsa a maƙabartar Gudu da ke Abuja ya jawo wa gwamnati suka, domin ita ce ta hana talakawa taruwa. A watan ne Boss Mustapha ya shaida wa shugabannin Majalisar Tarayya cewa bai san harkar lafiyar ƙasar ta lalace haka ba sai da aka ba shi wannan aiki. Najeriya ce ta karɓi baƙuncin taron 2001 da shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma a kasafinta na 2020 abin da ta ware bai kai kashi 5 ba.

Dokokin da aka dogara da su

Ranar 29 ga Maris Buhari ya yi wa ƙasa jawabi, ya sanar da kulle Legas da Ogun da Abuja na kwana 14 daga daren 30 ga wata. Lauyoyi sun tambayi hurumin da ya dogara da shi, sai fadar shugaban ƙasa ta fitar da ƙa'idojin korona na 2020 a ƙarƙashin Dokar Killacewa, dokar da ta samo asali tun 1926, zamanin mulkin Turawa. An ƙara wa'adin kullen ranar 13 ga Afrilu, aka fara sassautawa daga 4 ga Mayu, tare da hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe da hana zirga-zirga tsakanin jihohi.

Yunƙurin sabunta dokar bai yi nasara ba. Ƙudirin daƙile cututtuka masu yaɗuwa da Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gabatar a 2020 ya sha suka cewa an kwafo shi daga dokar ƙasar Singafo, kuma ya ba shugaban NCDC iko fiye da kima. Sai a Janairu 2021 Buhari ya sa hannu kan sababbin ƙa'idojin kare lafiya da suka wajabta sanya takunkumin fuska a wuraren taruwar jama'a, da hukuncin tara ko ɗaurin da zai iya kai wata shida.

Aiki daga gida kuwa bai samu doka tasa ba. Takardun umarni daga ofishin Shugabar Ma'aikata da sanarwar kwamitin shugaban ƙasa su ne kawai ginshiƙinsa. Wannan na nufin ma'aikaci ba shi da haƙƙin neman a bar shi a gida, haka nan gwamnati ba ta ɗaure kanta da wajibcin ba shi kayan aiki ba.

Su wane ne 'yan mataki na 12 zuwa ƙasa?

Matakan albashin aikin gwamnati suna farawa daga na 1 su ƙare a na 17. Mai digiri na farko yakan shiga ne a mataki na 8. Mataki na 15 na mataimakin darakta ne na ƙasa, na 16 na muƙaddashin darakta, na 17 kuma na darakta. Don haka layin da aka ja a mataki na 12 ya haɗa masinja da direba da akawu da mai kula da ɗakin fayil, har zuwa jami'an da suka shafe shekaru fiye da goma a bakin aiki. Su ne mafi rinjaye. A Legas, da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya tura 'yan mataki na 1 zuwa na 12 gida daga 23 ga Maris, gwamnatinsa ta ce su ne kusan kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan jihar.

Manufar a fili take: rage cunkoso a ofisoshi da motocin haya. Sai dai an ja layin ne bisa muƙami, ba a duba irin aikin da mutum ke yi ko hatsarin da ke kan lafiyarsa ba. Manyan jami'ai, waɗanda galibi su ne masu yawan shekaru kuma cutar ta fi yi wa illa, su aka fara kira su dawo ofis. Matasan da suka fi jure cutar aka bari a gida, da yawansu kuma aikinsu ba ya yiwuwa sai a gaban tebur da kabad ɗin fayil.

Jadawalin fita da dawowa

Daga 4 ga Mayu, 2020, an umarci 'yan mataki na 14 zuwa sama da masu ayyukan dole su riƙa zuwa ofis ranakun Litinin da Laraba da Juma'a, a tashi ƙarfe 2 na rana. A watan Yuni aka mayar da su zuwa kullum. A watan Agusta aka ƙara da 'yan mataki na 12 da na 13, aka koma tashi ƙarfe 4 na yamma. Sauran ƙananan ma'aikata sai can wajen ƙarshen shekara aka fara kiran su.

Dawowar ba ta daɗe ba. Da cutar ta sake tasowa a karo na biyu, kwamitin shugaban ƙasa ya sanar ranar 21 ga Disamba, 2020, cewa 'yan mataki na 12 zuwa ƙasa su koma gida na mako biyar. An yi ta ƙara wa'adin cikin 2021, har kwamitin kansa ya sauya suna da tsari a watan Afrilu. Ba a kira su gaba ɗaya ba sai ranar 1 ga Disamba, 2021.

A saman gwamnati lamarin ya ɗauki wani salo. Ranar 13 ga Mayu, 2020, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta intanet, shugaban ƙasa da ministoci kaɗan na zaure, sauran na magana daga ofisoshinsu. Ɓangaren shari'a ma ya taɓa: Alƙalin Alƙalai Tanko Muhammad ya dakatar da zaman kotuna a ƙarshen Maris in ban da shari'o'in gaggawa, sannan a watan Yuli Kotun Ƙoli ta bayyana, a ƙarar da jihohin Legas da Ekiti suka shigar, cewa zaman kotu ta intanet bai saɓa wa tsarin mulki ba.

Abin da ya hana aikin gida tafiya

Wanda bai taɓa shiga ma'aikatar gwamnati ba yana buƙatar sanin yadda takarda ke tafiya a ciki. Wasiƙa takan shigo ɗakin rajista, a buga mata hatimi, a saka ta cikin fayil. Masinja ya ɗauki fayil ɗin zuwa teburin jami'i, jami'i ya yi rubutu da hannu ya tura wa na gaba da shi, har ya isa wurin darakta ko babban sakatare, sannan ya gangaro ta hanyar da ya hau. Idan mai rajista da masinja da jami'in farko suna gida, daraktan da ke ofis ba shi da abin da zai sa wa hannu. Ga shi kuma ƙa'idojin aiki da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ba su yarda ma'aikaci ya kwashi takardun hukuma zuwa gida yadda ya ga dama ba.

Matsala ta biyu ita ce kayan aiki. Umarnin bai zo da tanadin bai-ɗaya na kwamfuta ko kuɗin data ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar lantarki ta gwamnati, kuma a 2020 intanet mai sauri bai kai ga rabin jama'a ba. Ƙaramin ma'aikacin da ke zaune a Mararaba ko Nyanya ko Suleja, mai albashin da bai yi nisa da mafi ƙarancin Naira 30,000 da aka amince da shi a 2019 ba, shi ake sa ran ya sayi man janareta da data daga aljihunsa don aikin hukuma.

Ta uku ita ce ma'auni. Aikin gwamnati ya saba auna ma'aikaci da rajistar zuwa da tashi. Da aka ɗauke rajistar, babu wani abin da ya maye gurbinta a yawancin ma'aikatu. Sakamakon haka, ga mutane da yawa aiki daga gida ya zama zaman gida da albashi, wanda laifinsa ba ya kan ma'aikacin da ba a ba shi abin yi ba. Wanda ya ɗanɗana kuɗar shi ne ɗan ƙasa mai jiran takarda: ɗan fansho, ɗan kwangila mai bin bashi, ma'aikaci mai jiran ƙarin girma.

Waɗanda ba su da damar zama a gida

Likitoci da ma'aikatan jinya da jami'an tsaro da masu kwashe shara sun ci gaba da fita. Lokacin da annobar ta shigo, alawus ɗin hatsari na ma'aikacin lafiya Naira 5,000 ne a wata. Gwamnati ta amince da ƙarin alawus na musamman na wucin gadi, amma jinkirin biya da ƙarancin kayan kariya sun sa Ƙungiyar Likitoci Masu Neman Ƙwarewa ta shiga yajin aiki ranar 15 ga Yuni, 2020, a tsakiyar annoba, ta kuma sake yi a 2021.

Akwai lokacin da gwamnati ta warware da hannun hagu abin da ta ɗaura da na dama. A Disamba 2020, daidai lokacin da aka mayar da ƙananan ma'aikata gida, aka umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar zama ɗan ƙasa ko a rufe layin. Jama'a suka yi dafifi a ofisoshin hukumar NIMC, har ma'aikatan hukumar suka tafi yajin aiki a farkon Janairu 2021, suna kokawa da cewa an jefa su cikin hatsarin kamuwa da cutar ba tare da kariya ba.

Tilasta dokar kulle ma ta ci rayuka. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyu na farkon kullen, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ta kashe a hukumance zuwa wannan lokaci.

Jami'o'in gwamnati kuwa ba su ma kai ga gwada karatu ta intanet yadda ya kamata ba, domin ƙungiyar malamai ta ASUU tana yajin aiki daga Maris zuwa Disamba 2020 kan tsarin biyan albashi na IPPIS da wasu buƙatu.

Yadda jihohi suka yi

Tsarin tarayya ya sa kowace jiha ta bi hanyarta. Kaduna ta kulle tun kafin Gwamnatin Tarayya ta kulle Abuja, sannan a Afrilu 2020 ta sanar da cire kashi 25 cikin 100 daga albashin ma'aikatan da ke karɓar Naira 67,000 zuwa sama don tallafa wa marasa ƙarfi, matakin da ƙungiyar ƙwadago ta yi watsi da shi. A Kogi, Gwamna Yahaya Bello ya yi ta musanta cewa cutar na jiharsa, ya kuma yi ta takun saƙa da NCDC kan gwaji.

Kano ta samu mai cutar na farko ranar 11 ga Afrilu, Gwamna Abdullahi Ganduje ya kulle jihar bayan 'yan kwanaki. A watan ne masu haƙa kabari suka fara ba da labarin yawan mace-mace da ba a saba gani ba, a daidai lokacin da ɗakin gwaji na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya dakatar da aiki na ɗan lokaci. Ranar 27 ga Afrilu Buhari ya ba da umarnin kulle Kano na mako biyu. A watan Yuni ministan lafiya ya bayyana sakamakon bincike: an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da alaƙa da korona. A wannan tsakani ne gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu na asali, wasu daga cikinsu kuma gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar.

Kuɗi da tallafi

Ma'aikacin gwamnati, duk da halin da ya shiga, yana da albashi a ƙarshen wata. Mafi yawan 'yan Najeriya sai sun fita suke ci. Gwamnati ta ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan ƙasa, da faɗaɗa rajistar marasa ƙarfi daga gidaje miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6, da biyan Naira 20,000 ga waɗanda ke cikin shirin tallafi ta ma'aikatar jin ƙai da Sadiya Umar Farouq ke jagoranta. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince wa Najeriya da rancen gaggawa na Dala biliyan 3.4 a ƙarshen Afrilu 2020, a watan Yuni kuma aka amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na Naira tiriliyan 2.3 da kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya tsara. Duk da haka tattalin arzikin ya ragu da kashi 6.1 cikin 100 a rubu'i na biyu na shekarar, da kashi 3.62 a na uku.

'Yan kasuwa da Babban Bankin Najeriya sun kafa gamayyar CACOVID, wadda ta tara biliyoyin Naira ta sayi kayan abinci ta miƙa wa jihohi. A Oktoba 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da Yola da Jalingo da Kalaba da wasu wurare, suka tarar da kayan jibge, watanni bayan ɗage kulle. Wasu gwamnoni sun ce ana jiran kammala karɓa ne kafin a raba, ko an ajiye ne don tsoron dawowar cutar. Hotunan buhunan da aka riƙa fitowa da su sun yi wa amanar da ke tsakanin jama'a da hukuma illar da bayani bai gyara ba.

Rigakafi da sharaɗin komawa ofis

Kashin farko na rigakafi, kusan allura miliyan 4 na AstraZeneca ta shirin COVAX, ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris, 2021. An fara yi ranar 5 ga wata, washegari Buhari da Osinbajo suka karɓa a gaban kyamara. A watan Oktoba Boss Mustapha ya sanar cewa daga 1 ga Disamba, 2021, ma'aikacin tarayya ba zai shiga ofis ba sai da shaidar rigakafi ko sakamakon gwajin da bai wuce awa 72 ba. Ranar da aka kira ƙananan ma'aikata su dawo ita ce ranar da sharaɗin ya fara aiki. A cikin watan ne kuma gwamnati ta lalata allurai fiye da miliyan 1 a Abuja saboda wa'adinsu ya ƙare, yawancinsu gudummawar ƙasashen waje da suka iso dab da lalacewa.

Zuwa lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa ranar 5 ga Mayu, 2023, alƙaluman NCDC sun nuna mutum fiye da 266,000 sun kamu a Najeriya, fiye da 3,100 sun mutu. Ƙarancin gwaji da abin da ya faru a Kano sun isa su nuna cewa ainihin adadin ya wuce haka.

Abin da ya rage

Tunanin rage zuwa ofis bai tafi da annobar ba. Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako daga 1 ga Disamba, 2021. Bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023, Edo da Kwara sun sanar da rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako don sauƙaƙa wa ma'aikata kuɗin mota, Legas ma ta ɗauki irin wannan mataki a Fabrairu 2024. Dalilin ya sauya daga cuta zuwa tsadar rayuwa, tambayar kuma tana nan yadda take: wane aiki ake yi a ranakun da ma'aikaci ke gida, kuma wa ke duba shi?

A matakin tarayya, shirin gyaran aikin gwamnati na 2021 zuwa 2025 ya sanya mayar da takardu cikin kwamfuta a cikin manyan ginshiƙansa, kuma Didi Walson-Jack, wadda ta gaji Yemi-Esan a Agusta 2024, ta sanya ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su daina aiki da takarda. Hanyar auna wannan alƙawari mai sauƙi ce: ko ɗan fansho a Gusau ko Damaturu zai iya bin diddigin takardarsa ba tare da ya hau mota zuwa Abuja ba.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, kuma ta wajabta a amsa cikin kwana bakwai. Da ita za a iya tambayar kowace ma'aikata ma'aikata nawa ta tura gida a 2020 da 2021, nawa ta kashe kan kwamfuta da intanet dominsu, ina kuɗin gudanar da ofis ya tafi a watannin da ofisoshin ke rufe, da kuma wane tsari ta rubuta ta ajiye don ranar da wata annobar za ta sake rufe ƙofa. Haka nan 'yan majalisa na da bashin bayani kan dokar da za a dogara da ita a wannan rana, tunda wadda aka yi amfani da ita a 2020 ta girmi Najeriya mai 'yanci da shekara 34.